Tsohuwar Land Cruiser da Wutar Murhu

Tun lokacin da Thierry Sabine ya buɗe tseren motoci daga Paris zuwa Dakar a ƙarshen 1978, hanyar ta ratsa Agadez, mutanen can kuma suka ga abin da rairayi ke yi wa inji. Gasar ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020, amma motar da aka fi yarda da ita a wannan hamada tana nan, wato Land Cruiser. Duk mai tsohuwarta da ke son ya sa ta a tsere, abin da yake fara tambayar bakanike shi ne yadda za a ƙara mata ƙarfi.

A ɗauki injin 1HZ da Toyota ta fitar a 1990: na gas ne, lita 4.2, silinda shida, ƙarfin doki kusan 130, ba shi da turbo. Akwai juriya, sai dai nawa. Wasu masu gyara sukan yi gaggawar murɗa famfon mai su ƙara masa gas, motar ta riƙa tuttuɗo baƙin hayaƙi, mai ita ya ɗauka ƙarfi ne ya zo.

Duk macen da ke girki a murhu ta san wannan kuskure ne. In ta cusa itace ya toshe murhun, hayaƙi ne zai cika madafi, idonta ya yi ta hawaye, gindin tukunya ya yi baƙi, ruwan tuwo bai tafasa ba. Abin da take yi shi ne ta ɗan janye itacen, ta ɗauki faifai ta fifita. Aikin turbo ke nan. Hayaƙin da ke fita ta salansa yana juya farfela, ita kuma ta tura iska cikin silinda, gas ɗin da aka ƙara ya samu abin da zai ƙone da shi.

To amma mai girkin ta san wani abu kuma, wanda a ganina shi ne aka fi mantawa a gareji. Tukunyar ƙasa mai ɓoyayyen tsagu tana iya shekaru a kan wuta mai sanyi ba ta nuna komai ba. Ranar biki, da aka zuga mata wuta, ranar take fashewa. Shi ya sa ake ƙwanƙwasa ta a saurari kukanta kafin a ɗora. Injin da ya yi shekara talatin yana aiki ma haka yake buƙata: a auna matsin kowace silinda, a duba ringi da nozul, a wanke lagireto ko a sauya shi, kafin a sayi turbo.

Shi 1HZ yana da rauninsa na musamman. Gas yana fara kamawa ne a wani ɗan ɗaki cikin kan injin, matsinsa kuma ya haura 22 bisa 1, don haka zafi kaɗan ya ƙaru sai wurin ya fara tsagewa. Da Toyota ta so inji mai turbo mai wannan girma, ai ba ɗora turbo kawai ta yi ba. Ta ƙera 1HD-T mai doki kusan 165, ta rage matsin, ta sauya fistin, ta sa nozul yana fesa gas kai tsaye cikin silinda. Saboda haka masu hankali kan tsayar da turbo a kan 1HZ tsakanin psi 7 zuwa 10, su sa na'urar sanyaya iskar kafin ta shiga, su faɗaɗa bututun salansa. Kuloci da birki ma sai an ƙarfafa su, matatar iska kuma a riƙa kakkaɓe ta, don ƙura tana cinye farfelar turbo.

Abin da ba zan yarda a bari ba shi ne agogon auna zafin hayaƙi. Fistin na alminiyam ne, alminiyam kuwa yana narkewa a wajen digiri 660. A kan tudun yashi mota tana nishi ne tana tafiya a hankali, iskar da ke bugun lagireto kaɗan ce, kuma agogon ruwa ba ya nuna haɗarin sai ɓarna ta riga ta auku. Da direba ya ga allurar hayaƙi tana hawa, ya sassauta totur ya sauko da giya ɗaya. In ya kai ƙarshen zango kuma, ya bar injin yana aiki a tsaye minti biyu ko uku kafin ya kashe, don baƙin mai ya ci gaba da zagaya turbo har ya huce.