Fihirisar Shafin Taimako: A Sa Kalmar da Ɗan Gobir Zai Nema

A Sabon Birni da Isa, ɗalibin da ke neman bayani a intanet ba shi da lokacin ɓatawa. Data na da tsada, sabis kuma yau akwai gobe babu. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Don haka idan ƙungiyoyin kwamfuta na makarantunmu za su rubuta shafin taimako da Hausa, misali kan rajistar JAMB, su fara da fihirisa, wato jerin kalmomin da ke kai mai karatu inda amsarsa take.

Abu na farko, a yi amfani da kalmar mai tambaya. Ɗalibin da ya rikice ba zai nemi "sharuɗɗan rajista" ba. Abin da ke bakinsa shi ne "lambata ba ta zo ba". To, a sa wannan a fihirisa, ta kai shi inda aka bayyana yadda ake tura lambar NIN ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019.

Na biyu, a tuna da karin harshenmu. Bakano ya ce kuɗi da biyar, mu mu ce kuɗɗi da biyat. Wani kuma wayarsa ba ta da ɗ, sai ya rubuta "kudi". Duk a jera su, kowace ta tura mutum wuri ɗaya. Dabarar tsohuwa ce: ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo kalmomin Sakkwato da Katsina, yana tura mai karatu daga wata kalma zuwa 'yar'uwarta.

Na uku, mahaɗi ya faɗi inda zai kai ka. "Danna nan" ba ya gaya wa kowa komai, amma "yadda ake biyan kuɗin fom" ya isa bayani. Kowane dannawa data yake ci, saboda haka kada amsa ta wuce dannawa biyu.

Kafin a saki shafin, a miƙa wa wani ƙane ɗan aji shida waya, a yi shiru a ga inda zai maƙale. Nan ne gyara yake. Wanda ya rasa amsa har aka rufe rajista, shekara guda zai yi a gida.