Na'urar gyaran sauti a ɗakin siminti: abin da take iyawa da abin da ake ɗora mata

Daga cikin kayan sautin gida da ke shigowa Birnin Konni ta kan iyakar Illela ta jihar Sakkwato, su wuce zuwa Malbaza da Illéla da sauran garuruwan jihar Tahoua, akan sami amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara ƙarfin sauti ya rarraba shi ga lasifikoki, wadda ke zuwa da wani ɗan makirufo mai doguwar waya. Idan aka ajiye makirufon a wurin da mai sauraro yake zama, na'urar sai ta fitar da wasu sautuka na gwaji, ta saurari yadda ɗakin ya mayar da su, sannan ta sauya abin da take aika wa kowace lasifika bisa lissafin da ta yi. Kamfanoni sun ba wannan tsari sunaye daban-daban, kamar Audyssey a kayan Denon da Marantz, da YPAO a na Yamaha, da Dirac Live wanda asalinsa birnin Uppsala ne na ƙasar Suwidin. Maganganun da ke yawo a kan wannan fasaha sun haɗa gaskiya da ƙari, kuma mai saye ne yake asarar kuɗinsa idan bai tantance su ba.

Magana mafi yaɗuwa ita ce na'urar tana kashe amsa-kuwwar ɗaki, kuma wannan ba gaskiya ba ne. Na'urar ba ta taɓa bango ko rufi, iyakar ikonta yana kan sautin da bai riga ya bar lasifika ba, kuma da zarar ya fita cikin iska to sai yadda ginin ya yi da shi. Wannan ya shafi yankin kai tsaye, domin masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta fara aiki cikin shekarun 1960, na daga cikin abin da ya sa ginin bulo da shafen siminti ya zama abin da mai hali yake buri, ga tayil a ƙasa, ga kwano ko silin a sama, kuma duk waɗannan abubuwa ne masu santsi da tauri da ke mayar da kusan dukan sautin da ya buge su. A shekarar 1895 ne aka ɗora wa Wallace Sabine, malamin kimiyya a jami'ar Harvard ta Amurka, gyaran wani zauren lacca da kalma ɗaya kan yi fiye da daƙiƙa 5 tana yawo a cikinsa kafin ta mutu, kuma ya gano maganin ne ta hanyar shigar da matasan kujeru yana auna bambancin. Abin da ya tabbatar shi ne tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu yana ƙaruwa da girman ɗaki, yana raguwa da yawan kayan da ke shanye sauti. Har yau wannan ƙa'ida ba ta sauya ba, don haka darduma mai kauri, da labule mai nauyi, da kushin, da kabad cike da littattafai suna yin aikin da babu wata na'urar lissafi da za ta yi a madadinsu.

Inda fasahar take da gaskiya shi ne a sauti mai kauri, wanda masu kayan kiɗa ke kira bes. Ana auna kaurin sauti ko sirantarsa da yawan kaɗawar iska a cikin daƙiƙa ɗaya, ma'aunin kuma sunansa haz. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma idan aka raba wannan adadi da ninkin tazarar bango biyu masu fuskantar juna, za a sami sautin da ɗakin zai riƙa kumburawa. A ɗaki mai tsawon mita 4 amsar ita ce kusan haz 43, kuma idan faɗinsa ma mita 4 ne, kamar yadda magina da yawa ke yanka ɗakuna, to matsalar ta ninku a kan sauti guda. Abin yana kama da ruwan da ake kaɗawa a cikin ƙwarya, wanda ke tashi sosai a gefe alhali tsakiyarsa kusan ba ta motsi. Shi ya sa wanda ya jingina da bango yake jin bes ya cika masa kunne har taga tana karkarwa, wanda ke tsakar ɗaki kuwa yana cewa lasifikar ba ta da ƙarfi. Manfred Schroeder, masanin sauti ɗan ƙasar Jamus, ya nuna iyakar da wannan hali yake rinjaye, wadda a ɗakunan gida takan faɗo wajen haz 200 zuwa 300. A ƙasa da wannan iyaka na'urar tana iya rage sautin da ya yi yawa, kuma kunne yana jin amfanin nan take, domin ganga da murya suna fita daga cikin rugugi. Haka nan tana daidaita ƙarfin kowace lasifika, ta ɗan jinkirta wadda ta fi kusa, tun da yake kowane santimita 34 na tazara daidai yake da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Sai dai ragewa daban, cikewa daban. A wurin da sautin da ya fito da wanda bango ya mayar suke soke juna, akan sami rami a sautin, kuma ƙarin ƙarfi ba ya cike shi, saboda duk abin da aka ƙara wa mai fita an ƙara wa mai dawowa. Ƙarin desibel 3, wato ma'aunin ƙarfin sauti, yana buƙatar ninka wutar da amfilifaya ke bayarwa sau biyu, ƙarin desibel 10 kuwa sau goma, kuma ta wannan hanya ce ake ƙona lasifika. Maganin ramin shi ne a gusar da kujera daga tsakar ɗaki, ko a sauya wa lasifikar da ke fitar da bes mazauni, kafin a yi awo. A nan ne kuma ake gane rashin tushen cewa na'urar tana mayar da lasifika mai arha ta zama kamar mai tsada, domin ƙaramar lasifikar da ba ta iya fitar da haz 40 ba za ta fitar da shi ba don an umarce ta.

Akwai kuma ruɗani game da maɓallan da ke jikin ƙananan kayan sauti masu zaɓin salon kiɗa ko na fim. Waɗannan saiti ne da aka ƙayyade tun daga masana'anta, ba su san komai game da ɗakin ba, kuma duk kayan da ba su da makirufo na awo ba sa gyaran ɗaki ko da me aka rubuta a kwalinsu. Haka ma gurnanin nan da ake ji ko ba a kunna kiɗa ba, wanda asalinsa wutar lantarki ce mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ko wayoyi marasa kyau, ko janareta, aikin mai gyaran lantarki ne.

Masu cewa ɗakin ƙasa ba ya buƙatar gyara suna da rabin gaskiya, kuma rabin nan ya cancanci a girmama shi. Bangon laka mai kaushi, da rufin azara, da bakan gizo irin na ginin da magini Falke Barmu ya shahara da shi a masallacin Yaama, wanda ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, suna warwatsa siririn sauti maimakon su mayar da shi kai tsaye, don haka magana takan fi daɗin ji. Amma bango mai kauri da nauyi yana tsare bes a cikin ɗaki kamar yadda siminti ke yi, saboda haka kumburin sauti mai kauri yana nan.

Game da zafi kuwa, iskar da ta kai digiri 40 tana kai saurin sauti wajen mita 355 a daƙiƙa, abin da ke gusar da haz 43 zuwa 44 kawai, kuma wannan bai isa dalilin sake awo ba. Abin da ya fi tasiri shi ne sauyin zaman gida a lokacin bazara, sa'ad da ake fitar da katifa da tabarmi tsakar gida, a naɗe darduma, a bar ƙofa da tagogi a buɗe, domin ɗakin da aka auna a rufe da hunturu ya riga ya zama wani ɗaki dabam. Awon kansa yana son shiru, a kashe fanka, a jira ƙarar babura ta lafa, a ɗora makirufon a tsayin kunnen mai zaune ba a kan tebur ba, kuma a maimaita shi a wurare da dama kewaye da mazaunin, don kada gyaran ya dace da kujera ɗaya ya ɓata wa sauran mutanen ɗakin.