Jihohin Amurka huɗu da suka kori allunan talla daga bakin hanya

Direban da ya baro jihar New York ya shiga Vermont yakan lura da wani abu tun kafin ya isa garin farko: manyan allunan talla sun ɓace. Sai duwatsu, dazuzzuka da gonaki.

A shekarar 1968 ne majalisar dokokin Vermont ta haramta su, bayan da ɗan majalisa Ted Riehle ya dage a kan cewa kyan ƙasar shi ne jarin jihar, tunda shi ke jawo masu yawon buɗe ido. Maine ta bi sahu a 1977. Alaska da Hawaii ma suna da irin wannan doka.

Sai dai matafiyi na buƙatar sanin inda zai sha mai, ya ci abinci, ya kwana. Saboda haka a Vermont da Maine hukuma ce ke kula da wasu ƙananan alluna masu fasali ɗaya, ɗauke da sunan wuri, kibiya da nisansa. Mai sana'a sai ya nemi izini, ya biya kuɗi. A harabarsa yana iya kafa nasa, amma shi ma da iyaka.

Wanda ya fi ji a jikinsa shi ne mai ƙaramin gidan abinci da ke nesa da babbar hanya, domin ɗan allo guda ne ke tallata shi ga motar da ke gudu. Amma fa babban otal mai kuɗi ma ba a ba shi wanda ya fi wannan girma ba.