Ka Sayo Sabon Zomo? Dakata, Kada Ka Jefa Shi Kejin Tsohon

Abu ne da ke yawan faruwa ga masu kiwo a Kafin Hausa da kewaye: ka sayo zomo daga kasuwar Haɗeja, ka saka shi cikin kejin wanda kake da shi don su ɗebe wa juna kewa, da safe ka tarar da gashi a warwatse, kunnen ɗaya a yage. To me ya haɗa su?

Zomon gida asalinsa daga Sifaniya da Fotugal yake, kuma jinsinsa daban da zomon dawa da mafarauta ke kamawa a nan. Kakanninsa a ramuka suke zama rukuni-rukuni, kowa ya san na gaba da shi. Yana son abokin zama, amma yana da kishin wuri. A ƙarƙashin haɓarsa akwai wani sinadari mai ƙamshi da yake gogawa a kwanon abinci da jikin keji, ga kuma fitsari da kashi. Hancinka ba zai ji ba, amma a wurinsa shaida ce cewa nan nasa ne. Duk baƙon da ya faɗo, ɗan kutse ne.

Fara da killacewa

Ware sabon na mako 2 zuwa 4, nesa da tsohon, kowa da kwanonsa. Duba ƙazuwa a kunne, majina, da zawo. Akwai kuma cutar RHD mai sa zubar jini a ciki, wadda aka fara ganowa a Sin a 1984, aka tabbatar da ɓullarta a Najeriya a 2020. Takan kashe zomo cikin kwana ɗaya zuwa uku, kuma tana bin hannu da takalmi. Saboda haka fara ciyar da tsohon, sannan sabon, ka wanke hannu.

Wa za ka haɗa da wa?

Maza biyu da suka balaga, wato daga wata 4 zuwa 6, kusan kullum faɗa ne, har sukan ciji marainan juna. Namiji da mace sun fi jituwa, amma cikin zomanya kwana 31 ne kawai, kuma tana iya sake ɗauka da zarar ta haihu. In ba 'ya'ya kake so ba, kai namijin wurin likitan dabbobi a dandaƙe shi, ka jira mako 6, don kafin nan yana iya yin ciki. In kuwa barbara kake nufi, macen ake kaiwa wurin namiji, a mayar da ita bayan an gama. Ita ta fi kishin ɗaki.

Yadda ake sabo

Jera kejin biyu, ka bar tazarar kamar faɗin tafin hannu don kada su ciji juna ta waya. Kullum ka riƙa musanya musu shimfiɗa, kowa ya saba da ƙamshin ɗan'uwansa. Bayan mako guda, haɗa su a wurin da babu wanda ya taɓa zama, misali zaure. Zuba harawar gyada ko ganyen dankali wuri biyu. Minti 10 ya isa ranar farko, sai ka riƙa ƙarawa.

Ka yi wannan da sanyin safiya. Zomo ba ya gumi, ta kunne yake fitar da zafi, kuma da an wuce digiri 30 ya fara wahala. A Afrilu da Mayu zafin yankinmu kan haura 40, guje-guje da rana tsaka na iya kashe shi.

Hawan juna da ɗan kore-kore ba abin tsoro ba ne, shugaba suke fitarwa. Amma in ka ga kunne a kwance, wutsiya a ɗage, suna zagaye juna da sauri, raba su nan take. Sa faifai ko katako a tsakani, kada ka sa hannu, cizon zomo ba wasa ba. Rauni mai zurfi kuma sai likita.

Ran da ka ga ɗaya ya sunkuyar da kai, ɗayan yana lasar masa goshi, ko sun miƙe kusa da juna, an daidaita. Wanke kejin tas don ƙamshin tsohon ya gushe, sannan ka haɗa su. Wasu kwanaki kaɗan ya ishe su, wasu sai watanni. Wasu kuma har abada ba sa shiri, sai ka bar kowa a kejinsa suna hangen juna.