Bututun birki: Siririn ƙarfen da masu tayar da tsohuwar mota a gida ke mantawa da shi

A unguwannin Takur da ke Dutse ba a rasa tsohuwar mota a ƙofar gida, an ɗora ta kan bulo, ƙura ta lulluɓe ta. Wata Golf ce, wata Carina, wata kuma Fijo 504 ce irin wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna. Mai ita yana tayar da ita kaɗan-kaɗan, duk ƙarshen wata idan albashi ya shigo.

Yawanci inji ake fara yi, sai fenti, sai kujeru. Bututun birki kuwa, da yake a ƙarƙashin mota yake, ba kasafai ake leƙa shi ba.

Siririn ƙarfe ne da kaurinsa a yawancin ƙananan motoci bai wuce milimita 4.75 ba. Shi ke kai man birki daga masta zuwa ƙafafu huɗu. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, matsin da ke cikinsa yakan ninka na iskar taya sau talatin ko fiye. Ƙaramar huda ta isa ta sa feda ta tafi ƙasa.

Daga ina tsatsar take?

Dutse ba garin laima ba ne, amma yawancin motocin ’yan Kwatano ne. Sun yi shekaru a Turai ko Amurka, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfe. Ga kuma man birki, DOT 3 ko DOT 4, da ke zuƙar danshi daga iska. Motar da ta daɗe a ajiye bututunta kan ruɓe ta ciki alhali wajensa lafiya lau.

Nan ne ake shiga dabarun da ba su dace ba. Wani ya yi wa wurin da ke yoyo walda. Wani ya daddatse bututun da guduma, motar ta koma birki da ƙafa uku. Mafi yawa kuma su sayo bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji, saboda arha da sauƙin lanƙwasawa. Matsalar jan ƙarfe zalla ita ce girgiza tana busar da shi har ya tsage, ba tare da ya nuna alama ba.

Abin da ya dace shi ne bututun ƙarfe da aka ƙera don birki, ko na gamin jan ƙarfe da nikel, wanda kamfanin Volvo ya fara sa wa motocinsa a shekarun 1970 saboda ba ya tsatsa. Wanda bai samu a Dutse ba, sai ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano.

Bakin bututu ne aikin

Kada a jefar da tsohon bututu, domin shi ne samfurin tsawo da lanƙwasa. Ana yanka sabon da abin yankan bututu, ba da zarto ba, a kankare bakin ya yi sumul.

Daga nan sai buɗa baki, kuma ba noti ne ke hana yoyo ba, zaman bakin ne a mazauninsa. Iri biyu ne. Motocin Japan irin su Toyota da Honda galibi suna amfani da baki mai ninki biyu, mai kama da mazurari. Na Turai irin su Golf da Marsandi kuwa nasu a kumbure yake kamar kan maɓalli. Notin wannan yakan shiga ramin wancan, shi ya sa ake ruɗewa. Zai ɗauru, amma ba zai riƙe mai ba. Baki mai falle ɗaya kuwa, irin na masu firji, ba na birki ba ne sam.

Kuma a zura noti kafin a buɗa bakin. Da wuya a samu bakaniken da bai taɓa mantawa ya sake yanka ba.

Wajen ɗaurawa, a bi tsohuwar hanyar, nesa da salansa da duk abin da ke motsi, a mayar da kowane maƙali. A fara murɗa noti da hannu kafin a sa sifana. Tiyon roba da ke kusa da ƙafa, idan ya tsattsage, a canja shi lokaci guda.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne: ɗaya yana taka feda, ɗaya yana buɗe noti a ƙafa, yawanci daga wadda ta fi nisa da masta. Sabon man birki kawai za a zuba. Baƙin mai yana kumbura robobi, ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa kuwa tafasa yake yi idan birki ya ɗau zafi.

Bayan an gama, a danne feda na tsawon minti ɗaya. Idan tana sauka a hankali, akwai saura. Idan ta tsaya cak, a leƙa kowace mahaɗa a ga ko ta jiƙe, a gwada motar a hankali cikin layi, sannan a kai wa gogaggen bakanike ya duba kafin a ɗora iyali a hau hanyar Kiyawa.