Hayar 'Yan Kwanaki da Ƙarancin Gidaje a Manyan Birane

Sanin kowa ne cewa idan kaya suka yi ƙaranci a kasuwa, masu saye kuma suka yi yawa, farashi kan tashi. Wannan ƙa'ida ta ilimin tattalin arziki ita ce ke tafiyar da kuɗin hayar gidaje a birane.

A shekarar 2008 aka kafa kamfanin Airbnb a ƙasar Amurka. Tun daga lokacin, mai gida kan iya tallata gidansa a intanet ga baƙin da za su kwana biyu ko uku su wuce. A biranen da masu yawon buɗe ido ke tururuwa, abin da irin waɗannan baƙi ke biya cikin wata kan zarce kuɗin hayar mazauni. Saboda haka masu gidaje da dama suka daina karɓar 'yan haya, suka koma saukar da baƙi. Duk gidan da aka mayar masauki kuwa, ya kuɓuce wa malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ke neman wurin zama ke nan.

Birnin Basalona na ƙasar Sifaniya ya ɗanɗana wannan matsala. A watan Yuni na 2024, magajin garin, Jaume Collboni, ya bayyana cewa kuɗin haya ya ƙaru da kashi 68 cikin ɗari a shekara 10. Don haka ya sanar cewa lasisin gidaje 10,101 da ake saukar da baƙi a cikinsu zai ƙare a watan Nuwamba na 2028, kuma ba za a sabunta shi ba.

Birnin Niyok na Amurka ya riga Basalona ɗaukar mataki. Daga watan Satumba na 2023, duk mai ba da hayar da ba ta kai kwana 30 ba, wajibi ne ya yi rajista da hukuma, ya kasance yana zaune a gidan tare da baƙinsa, kuma kada baƙin su wuce biyu. Tallan irin waɗannan gidaje ya ragu ƙwarai, amma kuɗin haya bai sauka ba. Dalili kuwa shi ne, ƙarancin ya girmi hayar 'yan kwanaki. Binciken da hukumar birnin ta gudanar a 2023 ya nuna cewa a cikin kowane gidan haya 1,000, guda 14 ne kacal ke jiran mai shiga.

Doka na iya mayar wa mazauna gari da gidajen da suka kuɓuce musu, amma ba ta ƙara ko ɗaki guda a kan waɗanda ake da su. Muddin jama'ar birni na ƙaruwa fiye da yadda ake gina sababbin gidaje, kuɗin haya zai ci gaba da hauhawa, kuma masu ƙaramin ƙarfi ne za su fara komawa bayan gari.