Na'urar Ɗumama Abinci Fiye da Ɗaya a Kicin Guda: Abin da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

Iyaye mata, a yau na'urar ɗumama abinci, wadda ake kira maikirowef, ta shiga cikin kayan ɗakin amare. A gidan da ke da mata biyu ko uku, sau da yawa kowace tana da tata, amma kicin ɗaya ne, soket ɗaya ne. Wannan yana da amfani wajen saurin ɗumame, sai dai akwai haɗari idan ba a kula ba.

Na farko shi ne wutar lantarki. Na'ura ɗaya tana jan wuta kimanin wat 1,000 zuwa 1,500. Soket na bango mai amfiya 13 kuwa ba ya ɗaukar fiye da wat 3,000. Idan aka jona na'urori biyu a ekstenshan ɗaya, aka ƙara da firji ko butar lantarki, waya za ta yi zafi, ta narke, gobara ta tashi. Kowace na'ura a ba ta soket nata na bango, a bar fili a bayanta domin iska. Ƙaramin janareta ba ya iya ɗaukar ko da guda ɗaya.

Na biyu shi ne yadda take ɗumama abinci. Zafinta ba ya ratsa ko'ina daidai. Malmalar tuwon dawa tana iya yin zafi a gefe, tsakiyarta da sanyi, kuma a nan ƙwayoyin cuta masu kawo amai da gudawa ke tsira. A yanka tuwo ƙanana, a rufe, a juya miya ko shinkafa a tsakiyar ɗumamawa, har sai tururi ya tashi daga ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba cikin firji ba. Shinkafar da ta kwana a waje, ɗumamawa ba ta kashe dafin da ke cikinta.

Na uku, masu jego ku saurara. Kada a ɗumama nonon uwa da aka tatsa ko madarar jariri a cikin wannan na'ura. Kwalbar za ta yi ɗumi a hannu, amma a ciki akwai wuraren da za su ƙona bakin jariri. A tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, a girgiza, a ɗiga a bayan hannu kafin a ba shi.

Kada a sa kwanon samira, ko cokalin ƙarfe, ko ƙwai da ɓawonsa, ko abinci ƙulle a leda. A yi amfani da tangaran. Mai juna biyu tana iya amfani da na'urar ba tare da fargaba ba, muddin ƙofarta na rufuwa sosai. Wadda ƙofarta ta lalace, a daina kunna ta.

Idan yaro ya ƙone, a zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsabta na minti 20. Ban da man ja, ban da gishiri ko man goge baki. A rufe da tsumma mai tsabta, a garzaya asibiti mafi kusa.

Ku zauna da abokan zamanku ku tsara wadda za ta fara kunna tata. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya.